Abin da Ɗigon Ya Rufe

Al Muraqqabat, Dubai
9 ga Fabrairu, 2012

Zuwa ga Gwaggo Ummi Kulsum,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida duk mutanen gidan Yakasai, manya da yara. Ya ƙafar taki, ya kuma kunnen? Ranar Juma'a sau biyu na kira ki, ina ta ihu ke kuma kina ta cewa a ɗaga murya, har katina ya ƙare. Shi ya sa na koma takarda. Labaran mai kago, mai jigilar kaya na Al Sabkha, ya ce duk bayan mako biyu ko uku yana leƙa Kano, zai riƙa kai miki hannu da hannu.

Ni lafiya lau nake, in ban da abin da zan gaya miki. Ban gaya wa Mma a Kumasi ba, kin san hawan jininta. A dangin Baba na Kano ke kaɗai na sani da gaske, tun shekaru huɗun da na yi a ɗakinki ina Islamiyya, kuma ke ce ba kya yi mini dariya sai kin gama saurare.

Kamfanin shara ya sauya mini gida. Yanzu ina aiki wurin wani Bature ɗan Ostireliya, Mista Kolin, injiniya ne, dattijo, matarsa ta rasu. Yana hawa na talatin da ɗaya. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, har shayi yake cewa in haɗa wa kaina. Amma Gwaggo, akwai wani ɗaki a gidan.

Bangon ɗakin cike yake da alluna na zane, kuma zanen ba na mutum ba ne, ba na fure ba. Ɗigo ne kawai, ɗigo bisa ɗigo, ja da fari da baƙi da ruwan ƙasa, suna zagaye suna bin juna. Ya ce baƙaƙen mutanen asalin ƙasarsu ne suka yi, waɗanda Turawa suka tarar a can, kuma shekara talatin ke nan yana tara su. A kan kanta kuma ga sassaƙa: garkuwoyi, dogayen akusa, sandunan jifa masu lanƙwasa, ƙadangaru, da wasu mutum-mutumi biyu dogaye da ba a yi musu baki ba. Ba a kashe AC a ɗakin ko na minti ɗaya. Dokar da ya ba ni ita ce in share ƙasa da busasshen tsumma, kada in taɓa komai, kada in shiga da ruwa.

Akwai wani ƙaramin allo tsoho, na katako, bai fi faifai girma ba. Kullum da safe sai ya tsaya gabansa ya gaishe shi kamar mutum, ya ce masa “old man”. Wallahi Gwaggo, in na dube shi na ɗan lokaci sai in ga ɗigon yana motsi. Tun da na fara shiga ɗakin nan kaina ke ciwo.

Na ba Muniratu labari, 'yar Tamale ce, gadonta na saman nawa a ɗakin da muke haya mu shida. Ta dafe ƙirji ta ce, “Ei, Damata! Wannan ai tsafi ne, khalas, magana ta ƙare. Wa ke ajiye ice a cikin sanyi yana gaishe shi?” Tun ranar ban sake samun natsuwa ba. A kicin ɗin gidan nake sallar azahar da la'asar, bango ɗaya ne tsakanina da su. Anya ana karɓar sallata kuwa?

Ba zan iya neman a sauya ni ba. Fasfona yana hannun kamfani, kuma wadda ta yi ƙorafi bara jirgi aka sa ta. Ina jin tsoro. Ki tambayar mini wanda ya sani.

Wassalam, 'yarki,
Damata

Yakasai, Kano
27 ga Fabrairu, 2012

Zuwa ga 'yata Damata, 'yar Gwanja,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na karanta sau uku. Ƙafa da sauƙi, sai in hadari ya haɗo take tuna mini da kanta. Kunne kuwa ya yi ritaya kafin ni, kada ki ƙara ɓata katinki. Talatu ta haihu, namiji, an sa masa Ɗantani. Kowa na gaishe ki.

Na saurara har ƙarshe, yanzu sai in yi dariyata. Ke da kike tsoron kyankyaso har kika taɓa hawa kan randata kika fasa, an kai ki gidan gumaka! Kakanki da ya bar ɗan'uwansa, babana, a Kano ya bi fataken goro har Kumasi, da ƙafa ya ratsa dazuzzuka, ga jikarsa ɗigo na kora.

To amma ban raina maganarki ba, don ni ma da na kai wurin mutum-mutumin da ba su da baki sai da tsigar jikina ta tashi. Na saɓa mayafi na je wurin Malam Sanda na bayan masallaci. Ya ce sallarki na nan daram, tun da ba ke kika ajiye su ba, ba kuma gabansu kike yi ba. Game da ciwon kai, ya ce wataƙila sanyin na'urar ne, wataƙila kuma wani abu ne, Allah ne masani. Ya yi miki rubutu allo uku. Da yake Labaran ya ce ba a barin ruwa a jirgi, sai na wanke na jiƙa auduga a ciki na shanya ta bushe. Ita ce a ƙullin leda, kada ki ɗauka ta kunne ce.

Ki jiƙa ta a ruwa mai tsabta. Ki sha kashi ɗaya, ki shafe fuska da kashi ɗaya, sauran ki yayyafa a ɗakin, kusurwa huɗu, da duk inda kika fi jin nauyin abin. Ki yi da bisimilla, kada ki yi da rawar jiki.

Kuma ki riƙa cin abinci. Labaran ya ce kin rame har wuyanki ya fito. Na sa miki kuka da daddawa da ɗan yaji, ki ba Muniratun taki, ta rage baki.

Taki,
Gwaggo Ummi Kulsum

Yakasai, Kano
17 ga Maris, 2012

Damata,

Gaisuwa a taƙaice, don wani Alhaji Ɗalhatu ne zai tashi gobe, na ce bari in cusa masa wannan ya ajiye miki a shagon Labaran. Muna lafiya. Zafi ya fara, wuta kuwa sai dai labari.

Jiya na haɗu da Malam Sanda a wurin suna, yake tambayata ko na gaya miki a ƙasa kawai za a yayyafa, a gindin bango, kada ko ɗigo ya taɓa kayan mutane. Na ce ai yarinyar nan mai hankali ce, ta sani. Da na dawo gida sai na kasa tuna ko na rubuta hakan ko ban rubuta ba. To ga shi na rubuta. Ina fata kai ya daina ciwo.

Gwaggonki

Al Muraqqabat, Dubai
20 ga Maris, 2012

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini, ba zan iya doguwar gaisuwa ba. Na shiga uku, Gwaggo.

Mista Kolin ya yi tafiya ƙasarsu ranar goma ga wata, ya bar mini mabuɗi. Na ce ga dama ta samu. Ranar Asabar na jiƙa audugar, na sha, na shafa, sauran na zuba a robar fesa ruwa da nake guga da ita. Na yi kusurwa huɗu. Sai na tuna kin ce duk inda na fi jin nauyin abin. Ai ba sai na yi tunani ba, wurin ƙaramin allon nan ne. Na tsaya gabansa na yi bisimilla na fesa sau uku.

Da farko ba abin da ya faru, har na ji sanyi a raina. Sai na ga wani farin ɗigo ya fara tsiyaya. Na biyu ya bi shi. Na ruɗe, na kama bakin rigata na goge don in tsayar da shi. Gwaggo, ɗigon ya biyo rigata. Wuri kamar tafin hannuna ya share fes. Ashe fentin ba irin na bango ba ne, kamar farar ƙasa yake, ruwa na taɓa shi ya narke.

Ba shi ne kaɗai ba. A ƙarƙashin wurin da ya goge akwai wani zane daban, da wani jan fenti da bai narke ba. Ba ɗigo ba ne. An zana shi da gangan, aka bi shi da ɗigo aka rufe. Na dube shi ban san tsawon lokacin ba, sai na zauna a ƙasa. Da na samu na miƙe, na cire mayafina, ruwan tokan nan da kika ba ni ranar da zan bar Kano, na lulluɓe allon da shi. Na dawo gida a jirgin ƙasa na metiro da ɗankwali kawai.

Na taɓa jin yana gaya wa wani baƙo cewa wannan allon shi ne ran ɗakin gaba ɗaya. A garin nan an ɗaure wata 'yar Habasha a kan zobe. Ni me za a yi mini? Muniratu ta ce in gudu kafin ya dawo, akwai masu ɓoye mutum a Deira. In gudu ina, ba fasfo? In aka kama ni laifi ya zama biyu. Sai ta ce to ai ni gwanar lalle ce, in sayi farin fenti da tsinken sakace in mayar da ɗigon, “shwaiya shwaiya, a hankali a hankali, wa zai gane?” Har na saya. Jiya na tsaya da tsinken a hannu, na kasa ɗaga mayafin.

Ga wata 'yar takarda na naɗe na manne da salatif ta ko'ina. Abin da na gani ne na zana, yadda yake. Ki kai wa Malam Sanda, shi kaɗai ya buɗe, ya gaya mini ko mene ne, ko kuma akwai abin da zai bi ni. Ke kada ki buɗe, don Allah, ban san abin da ganinsa ke jawowa ba.

Zai dawo ranar shida ga Afrilu. Ki sa a yi mini addu'a. Kada Mma ta ji.

Damata

Al Muraqqabat, Dubai
9 ga Afrilu, 2012

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. 'Yar takardarki ta hannun Alhaji Ɗalhatu ta same ni kwana biyu bayan na aiko miki da tawa. Na karanta ta a bakin shagon Labaran, tsakanin kwalayen atamfa, na yi kuka har yaran Indiya masu ɗaure kaya suka tsaya kallona. Ban ga laifinki ba. Shi mai kayan da bakinsa ya ce kada in shiga da ruwa.

Ki karanta wannan a tsanake, rayuwata na cikinta.

Ya dawo ranar Juma'a. Ranar Asabar na riga shi zuwa ƙofar ɗakin, na tsaya, na gaya masa komai da ɗan Turancina, tun daga ciwon kai har auduga. Ya shiga, ya ga mayafin, ya miƙa hannu zai ɗaga. Na ce masa akwai wani zane a ƙasa da ya fito. Sai ya janye hannunsa kamar ya taɓa tukunya a wuta. Bai duba ba, Gwaggo. Shi mai abin bai duba ba. Ya zauna daɓas a ƙasa, tsoho da shi, ya rufe fuska. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Can ya yi mini bayani. Ya ce ba gunki ba ne, ba kuma wanda ke bauta masa. Wani tsoho ne ya zana, shekara arba'in da suka wuce, ya daɗe da rasuwa. Abin da ya zana labarin ƙasar kakanninsa ne, kuma a cikin labarin akwai sashen da a al'adarsu dattawan gidan kawai ke da izinin gani. Ba mace, ba yaro, ba baƙo. Da tsohon ya gane allon zai faɗa hannun baƙi, sai ya bi wurin da ɗigo ya rufe. Ya ce tafiyar nan da ya yi, zuwa ya yi ya sa hannu a takarda cewa zai mayar wa 'ya'yan tsohon allon ubansu. Suna can suna jira.

Ni da nake ganin ɗigon ne abin tsoro, ashe sutura ce wani bawan Allah ya yi wa sirrin gidansu, na zo na yaye. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ya ce inshora ba za su saurare shi ba sai da takardar 'yan sanda, kuma ba zai nema ba, don ya san abin da za ta jawo mini. Zai kira mutanen ya gaya musu gaskiya. Sai ya dube ni ya ce, “Damata, abu ɗaya zan tambaye ki. Kin ɗauki hoto? Kin nuna wa wani? In a idonki kaɗai ya tsaya, zan iya tsaya miki. In ya fita waje, allon ba nawa ba ne yanzu, akwai lauya a maganar, ba zan iya hana a kira 'yan sanda ba.”

Gwaggo, na ce masa ban ɗauki hoto ba. Gaskiya ne. Ya ce, “Ba wanda ya gani?” Na ce babu. Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani, alhali takardar da na zana tana Kano.

Don girman Allah, in Malam bai buɗe ba, ki karɓo. Kada ki ƙona, kada ki yaga, ki dawo mini da ita da salatif ɗinta yadda na manne, don ita kaɗai ce shaidata. In kuma ya riga ya buɗe, ki gaya mini gaskiya, da wa da wa suka gani. Na san zauren Malam ba ya rabuwa da mutane, na san kuma yadda takarda ke yawo hannu zuwa hannu a wurin.

Wani ɗan kasuwar Kwari mai suna Dikko ne zai kawo miki wannan, Labaran bai dawo ba tukuna.

'Yarki,
Damata

Al Muraqqabat, Dubai
1 ga Mayu, 2012

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Kwana ashirin da biyu ke nan, shiru. An ce Labaran yana Legas, kwantenarsa ta maƙale a tashar jirgin ruwa. Dikko kuwa ba wanda ya san lambarsa. Na kira ki sau huɗu, ana ce mini a kashe take.

Ko shirun nan amsa ce? Ko an buɗe ne kika rasa yadda za ki gaya mini? In haka ne ki faɗa kawai, na gaji da zato.

Kullum ina zuwa aiki. Ya kulle ɗakin, yana gaishe ni kamar da, jiya ma har dabino ya ba ni. Na karɓa ina jin kamar ɓarauniya. Kafinta ya zo ya auna allon ta saman mayafin, ƙarshen wata za a rufe akwati. In aka ƙwanƙwasa ƙofar gidan sai in ɗauka ni aka zo kamawa. In na ga motar 'yan sanda a Al Rigga sai in tsallaka titi. Siket ɗina yanzu sai da fil nake ɗaure shi.

Na ba wata Hajiya mai sayen gwal wannan. Allah Ya sa ta isa.

Damata

Yakasai, Kano
13 ga Mayu, 2012

'Yata Damata,

Wa alaikumus salam. Kafin gaisuwa, kafin komai: ba a buɗe ba. Ki ajiye takardar nan ki sha ruwa, sannan ki ci gaba.

To yanzu muna lafiya. Wayata ta faɗa a bokitin wanki tun watan jiya, ban damu ba tun da ba jin ta nake ba, ban san tana neman kashe mini 'ya ba. Dikkon naki kuwa, Allah Ya shirye shi, sai da ya je ƙauyensu ya yi mako uku da takardarki a aljihun jaka. Rana ɗaya ta iso da ta Hajiya mai gwal.

Ga yadda aka yi. Tun ranar da naɗin ya zo na kai wa Malam Sanda da hannuna. Ya jujjuya shi ya ce tabaransa ya karye, an kai gyara Sabon Gari, in an kawo zai duba. Ya cusa a ƙarƙashin buzunsa. Ni kuma na koma ina ta salloli ina jira.

Da na karanta takardunki biyu, ban tsaya neman takalmi na biyu ba. Ni da ƙafar nan, wallahi gudu na yi, yara na bi na da kallo. Na faɗa zauren ba sallama, maza sun fi goma a zaune. Ga Malam da sabon tabarau a hanci, ranar aka kawo masa, yana ta bin takardun da suka taru ɗaya bayan ɗaya, da reza a gefensa. Taki ce ta uku a layi. Na miƙa hannu na fizge. Ya ce, “Hajiya, lafiya?” Na ce, “Ajiyar wani ce, Malam, kuskure aka yi.” Shekarata sittin da bakwai ban taɓa yin rashin kunya irin ta ranar ba. Washegari na koma na ba shi haƙuri na yi masa bayani. Ya ce na kyauta, shi ma ba ya son ganin abin da mai shi ya rufe.

Saura ni. Kin san halina, ko ƙullin maganin wani na gani sai na kwance na sansana. Kwana tara naɗin nan ya yi a ƙasan adakata ina jiran Labaran. Sau biyu na ciro shi. Sau ɗaya har na ɗaga shi saitin rana, sai na ji kunyar kaina na rufe ido na mayar. Ga shi nan, ki ƙirga salatif ɗinki.

Kin ce ba ki ga laifina ba. Ni na gani. Ni na aiko da ruwan, ni na rubuta rabin magana, ni kuma na kira kayan mutane gumaka ban san komai a kansu ba. Ki gaya wa Baturen wata tsohuwa a Kano ta ce da hannunta a ciki.

Yanzu ki saurare ni. Ki kai masa naɗin da kanki, ki ce kin yi masa ƙarya. Na san kina tsoro, ni ma ina yi, tun jiya ban iya cin tuwo ba. Amma ba za ki iya ci gaba da karɓar dabinonsa a haka ba, na san wadda na raina.

In komai ya lafa kika zo Kano, kya raɗa mini abin da ke ciki, ko da a kunnen da ba ya ji ne.

Gwaggonki,
Ummi Kulsum

Al Muraqqabat, Dubai
29 ga Mayu, 2012

Zuwa ga Gwaggo Ummi Kulsum,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida ƙafar da ta yi gudu saboda ni. Ki gaida Malam, da Talatu da Ɗantani. Ina lafiya, jiya na cinye kwano guda na tuwo da miyar kukarki.

Na kai masa ranar da kafinta zai rufe akwati. Na ajiye naɗin a kan tebur na ce na yi masa ƙarya, na gaya masa inda takardar ta je da hannun da ta bi. Fuskarsa ta yi ja. Ya daɗe yana duba salatif ɗin, gefe da gefe. Ya ce, “Wata biyu a hannun mutane, ba wanda ya buɗe?” Na ce akwai wata tsohuwa da ta kusa, kuma ta ce a gaya masa da hannunta a cikin laifin. Bai yi dariya ba. Ya ɗauki waya ya shiga ɗaki ya rufe. Ina tsaye a kicin ina salati, ina jiran in ji ko 'yan sanda yake kira.

Babban ɗan mai zanen ya kira, shi ma dattijo ne yanzu. Da ya fito ya ce mutumin ya ce a saka takardar a akwatin yadda take, su za su san yadda za su yi da ita, su kuma za su mayar da ɗigon da hannunsu. Ya ce kada a cire mayafin sai allon ya isa gida. Don haka mayafinki ruwan toka ya tafi Ostireliya, Gwaggo.

Ba a kira kowa ba. Amma Mista Kolin ya ce ba zai iya ci gaba da bar mini mabuɗi ba, ba don ruwan ba, don “babu” ɗin da na ce masa. Ya gaya wa kamfani aikina na da kyau, a ba ni wani wuri. Yanzu ina share wani ofis a Deira. Na yi kuka a metiro har Al Rigga, don gaskiyarsa ce.

Akwai saƙo ɗaya da dattijon ya ce a ba ni. Ya ce matar da ta gani ta riƙe a cikinta. Bai ce in rantse ba, bai san sunana ba, bai kuma da yadda zai yi ya sani in na faɗa.

Ban manta abin ba, yana nan a idona kamar yau na gani. Muniratu ta tambaye ni har ta yi fushi. In Allah Ya kawo ni Kano zan zo miki da turare da dabino da sabon mayafi, in ba ki labarin Dubai har ki gaji. Amma wannan kada ki tambaye ni, Gwaggo, ko a kunnen da ba ya ji.

Wassalam, 'yarki,
Damata